Lafiya Uwar Jiki: Ɗalibin Jami'a da Nauyin da ke Kansa

Iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in yi amfani da wannan fili in yi magana a kan wani al'amari wanda ya shafe mu duka, ko da yake ba a cika tayar da zancensa ba. Kowane ɗayanmu a makarantar nan burinsa shi ne ya gama lafiya, ya ci jarrabawa, ya sami shiga jami'a. Iyayenmu ma abin da suke roƙa mana ke nan dare da rana. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi yayyenmu da suka riga mu shiga yadda zaman can yake, da abin da yake yi wa jikin mutum da zuciyarsa.

Ni mutumin Tafashiya ne a ƙaramar hukumar Kankiya, shekaruna 16, ina aji biyu na babbar sakandare. A hutun da ya wuce na yi ta yi wa yayyenmu na Tafashiya da Kankiya da Kusada tambayoyi, watau waɗanda suke karatu a jami'a. Na kuma karanta abin da na samu a laburare, da abin da malaminmu na ilmin halittu ya ba ni aro. Abin da na fahimta shi ne akwai abubuwa uku da suke ɗaure da juna: yadda ɗalibi yake ganin kansa, da matsin da yake ciki, da lafiyar jikinsa. In ɗaya ya taɓu, sauran biyun ma sai sun taɓu. Wannan ne nake so in bayyana daki-daki.

Jami'a ta zo kusa da mu

A zamanin kakanninmu, wanda ya yi zurfi a karatun boko ana iya ƙirga shi da yatsu. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sa'an nan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Ta Sakkwato ta biyo baya a 1975, Kwalejin Bayero ta Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Mu a jihar Katsina mun sami Jami'ar Al-Qalam a 2005, da jami'ar jiha a 2006 wadda yanzu take ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, da kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma a 2011, wadda ba ta da nisa da mu. Saboda haka yau ɗan manomi daga Tafashiya yana iya sa ran digiri kamar kowa.

Amma ƙofar tana da cunkoso. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta yi wa kusan mutum miliyan 2 jarrabawa a 2024, alhali guraben da ke jami'o'i ba su kai haka ba ko kusa. Wanda ya samu ya shiga, to, ya shiga ne da gajiyar kokawar da ya yi, kuma idon gari duk yana kansa. Tun daga nan nauyin yake farawa.

Mene ne matsi, kuma me yake yi a cikin jiki?

Abin da nake nufi da matsi shi ne halin da mutum yakan shiga idan abin da ake bukata a gare shi ya yi masa yawa. Kowa ya san shi. In kana tafiya gona ka yi kiciɓis da maciji, nan take gabanka zai faɗi, zuciyarka ta riƙa bugawa da sauri, bakinka ya bushe, gumi ya keto maka. Dalili shi ne a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, wadda idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari takan umurce ta ta zuba waɗansu sinadarai biyu cikin jini, ana kiransu adirinalin da kotisol. Su ne suke ƙara bugun zuciya, su ƙara sukari a jini, su tsayar da narkewar abinci, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko na kare kansa. Wannan baiwa ce. In macijin ya wuce, jiki sai ya koma yadda yake.

Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da jarrabawa ko bashin kuɗin makaranta. Maciji yakan wuce cikin minti ɗaya, amma tunanin jarrabawa yakan yi wata huɗu yana bin mutum har shimfiɗarsa. Wani masani mai suna Hans Selye, wanda ya yi aiki a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya nuna a 1936 cewa ɓerayen da aka daɗe ana wahalar da su, ko da sanyi ne ko da aikin ƙarfi, duk cuta iri ɗaya suke yi: tsokar nan ta saman ƙoda ta kumbura, gaɓoɓin da suke kare jiki daga cuta su ƙanƙance, ciki kuma ya yi gyambo. Ya ce jiki yana bin mataki uku ne. Da farko ya firgita, sa'an nan ya daure, in abin ya ƙi ƙarewa sai ya gaji ya sare.

An gwada wannan a kan mutane ma. A 1991 an ba da rahoton wani bincike da aka yi a Ingila, inda aka ɗiga wa mutum 394 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu. Waɗanda suka fi zama cikin matsi su ne suka fi kamuwa. A 1998 kuma, a jihar Ohayo ta Amurka, an yi wa ɗalibai 11 masu koyon aikin haƙori ɗan ƙaramin rauni a dasashi sau biyu, ɗaya lokacin hutu, ɗaya gab da jarrabawa. Raunin lokacin jarrabawa sai da ya ƙara kamar kwana 3 kafin ya warke. Ashe ke nan ba banza ba ne ake ganin ɗalibai suna yawan kwanciya ciwo a makon jarrabawa.

Yadda mutum yake ganin kansa

To, me ya sa ɗalibai biyu za su zauna aji ɗaya, su fuskanci jarrabawa ɗaya, ɗaya ya yi barcinsa lafiya, ɗayan ya kwana yana juyi? Waɗansu masana biyu na Amurka, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun yi bayanin wannan a 1984. Suka ce duk sa'ad da wani abu ya tunkaro mutum, yakan auna abu biyu a zuciyarsa ko da bai sani ba. Na farko, yaya girman abin nan yake? Na biyu, ina da ƙarfin da zan ɗauke shi? In ya ga ƙarfinsa ya kai, abin sai ya zama masa aiki kawai. In kuwa ya ga bai kai ba, sai ya zama masa barazana. Watau kamar buhun gero ne. Wanda ya san ya saba ɗauka, zai sunkuya ya saɓa. Wanda ya riga ya gaya wa kansa ba zai iya ba, tun kafin ya taɓa buhun gwiwarsa ta yi sanyi.

A nan ne yaran karkara irinmu suke shan wuya. Yaro ya taso tun daga firamare shi ne na ɗaya, malamai suna yabonsa, a gari ana ce masa Likita tun bai gama sakandare ba. Ranar da ya shiga jami'a sai ya tarar da ɗaruruwa waɗanda kowannensu shi ne na ɗaya a makarantarsu. Hausawa suka ce gaba da gabanta. Wani masani mai suna Herbert Marsh ya nuna tun 1984 cewa ɗalibi yakan auna ƙoƙarinsa ne da na waɗanda suke kewaye da shi, har ma yaro mai basira yakan raina kansa idan ya shiga cikin masu basira, alhali basirarsa tana nan yadda take. Kifin da ya saba shi ne babba a kududdufi, in ya faɗa gulbi sai ya ga kamar ya ƙanƙance.

Na tambayi wana, wanda yake shekara ta uku a wata jami'a, na ce, "Yaya, me ya fi ba ka wuya a shekararka ta farko?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ƙanena, buɗe baki. Na san amsar tambaya, amma in na ji yadda 'yan makarantun kuɗi na Kaduna da Abuja suke zuba Turanci, sai in ji harshena ya yi nauyi. Sai da sakamakon zangon farko ya fito na ga na wuce da yawansu, sa'an nan na gane iya Turanci daban, sanin darasi daban." Ya ce kafin nan ya yi wata uku yana ganin kamar kuskure aka yi aka ɗauke shi, kuma wata rana asirinsa zai tonu. Wannan ji ma masana sun san shi. Waɗansu mata biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun yi rubutu a kansa a 1978, bayan sun same shi a wurin mata masu manyan digirori.

Ba a karatu kaɗai raina kai yake tsayawa ba. Akwai sutura, akwai wayar hannu, akwai kuma siffar jiki. Ɗalibi ya buɗe Facebook ko TikTok ya ga sa'o'insa kullum cikin sabuwar shadda da dariya, ya manta ba mai ɗaukar hoton ranar da ya kwana da yunwa. Wata 'yar baffana da take jami'a ta gaya mini cewa 'yan mata da yawa sukan shiga shafa man bilicin ko shan ƙwayoyin ƙiba domin kada a ce musu 'yan ƙauye. Waɗansu daga cikin mayukan nan suna ɗauke da sinadarin makuri da waɗansu magunguna masu ƙarfi, waɗanda suke sa fata ta yi laushi ta riƙa tsagewa, har su taɓa ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar 'yan ƙasa. Kun ga yadda raina kai yake iya kai mutum gadon asibiti kai tsaye.

Abubuwan da suke danne ɗalibi

Kada wani ya ɗauka duk abin a zuciya yake. Akwai nauyi na gaske. Na farko shi ne kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, jami'o'i da yawa kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. Ɗalibai suna da wani lissafi da suke yi cikin raha, wai sifili-ɗaya-sifili, ma'ana ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana haka nan. Yaro ya san akuyar innarsa aka kai kasuwa, ko buhun wake aka fitar daga rumbu kafin a haɗa masa kuɗin rajista, saboda haka ko garinsa ya ƙare ba zai iya buɗe baki ya sake tambaya ba.

Na biyu shi ne rashin tabbas. Malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata 9 a 2020, shekarar cutar korona, suka sake yin na wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022. Karatun shekara 4 ya zama na shekara 6 ga mutane da yawa. Saurayi yana zaune a gida, sa'o'insa da suka kama kasuwa ko ɗinki sun yi aure, shi kuwa ko kuɗin sabulu sai ya roƙa. Budurwa kuma ana ta yi wa iyayenta surutu a kan ta ƙi aure.

Na uku shi ne tsoro. Mu 'yan makarantun kwana na jihar nan ba za mu manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Oktoba na 2023 kuma aka sace ɗalibai mata 5 na jami'ar Dutsin-ma daga gidan da suke haya. Wanda yake kwana da kunne ɗaya a buɗe, ba zai yi barcin da zai wartsakar da shi ba.

Na huɗu shi ne tsarin karatun kansa. A makarantarmu ƙararrawa ce take tashe mu, ita take kai mu aji, ita take kai mu ɗakin cin abinci da firef. A jami'a ba ƙararrawa, ba firfet, ba mai tambayarka ko ka ci ko ba ka ci ba. Ga lakca a zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, ga cunkoso a ɗakin kwana. Kowane darasi da makinsa, ana tara su tun daga shekarar farko har ta ƙarshe. A yawancin jami'o'inmu maki 5 ne ƙololuwa, sai wanda ya kai 4.50 yake samun digiri mai daraja ta ɗaya. Wanda ya faɗi wani darasi sai ya sake shi a shekara mai zuwa tare da ƙannensa, abin da suke kira kariyoba. Bugu da ƙari, da yawa sun nemi likitanci ko lauya ne aka ba su wani fanni dabam, suna karatu zuciyarsu tana wani wuri.

Yadda abin yake fitowa a jiki

Mu Hausawa ba mu cika cewa "raina a ɓace yake" ba, mun fi cewa "kaina yana ciwo". Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abekuta, ya rubuta labarin ɗaliban Nijeriya da suke zuwa masa da kuka iri ɗaya. Suna jin zafi ko wani abu yana yawo a kansu da wuyansu, idonsu yana dishi-dishi in sun duƙufa a kan littafi, suna karatu ba sa fahimta, abin da suka karanta kuma ba ya zama. Ya kira abin da wani suna mai ma'anar gajiyar ƙwaƙwalwa. Daga baya, a 1980, wani likita ɗan Nijeriya, Olufemi Morakinyo, ya danganta shi da fargabar jarrabawa da hana ido barci da shan abubuwan da suke kore barci. Likitocin yau da yawa suna ganin fargaba ce da ciwon damuwa suke fitowa ta wannan hanya.

Wannan ya kawo mu ga kwana karatu. Gab da jarrabawa ɗalibi yakan ɗauki goro ko kofi ko lemon ƙara kuzari ya tafi aji, ba zai dawo ba sai asuba. Sinadarin da ke cikin goro da kofi yakan yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya fita daga jini, don haka ko ya kwanta barcin ba zai yi nauyi ba. Alhali kuwa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Likitoci sun ce baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9 na barci, mu masu tasowa kuma awa 8 zuwa 10. Mai kwana karatu kamar mai ɗibar ruwa ne da kwando.

Waɗansu sukan wuce goro su kai ga tiramadol ko maganin tari mai kodin, wai don su sami ƙarfi ko su manta damuwa. Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Wani bincike na ƙasa da aka fitar a 2019 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Ƙwaya ba ta biya wa kowa kuɗin rajista ba, sai dai ta cinye ɗan abin da ya rage.

Sai kuma olsa, wadda kusan kowane ɗalibi yake cewa yana da ita. An daɗe ana cewa yunwa ce kaɗai take kawo ta. Amma a 1982 waɗansu likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wata ƙwayar cuta da take zama a cikin ciki, wadda ita ce take haddasa yawancin gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Yawan shan waɗansu magungunan kashe ciwo ma yana kawo shi. Yunwa da matsi suna ƙara tsananta zafin ne. Amfanin sanin wannan shi ne olsa tana da gwaji, tana kuma da maganin da yake kashe ƙwayar, don haka bai kamata mutum ya yi shekaru yana fama ba tare da ya ga likita ba.

Yanzu sai mu haɗa zaren. Ɗalibi ya raina kansa, sai jarrabawa ta yi masa girma fiye da yadda take. Tsoro ya hana shi barci da cin abinci. Rashin barci ya sa karatu ya ƙi zama, zazzaɓi kuma ya sami ƙofa. Sakamako ya fito ba kyau, sai ya ce, "Ai dama na faɗa, ni ba kowa ba ne." Ya sake raina kansa fiye da da. Haka abin zai yi ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke, sai an sami wanda ya kwance igiyar.

Sa'ad da damuwa ta zama ciwo

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun kafuwarta a 1948, ta bayyana cewa lafiya ta haɗa da ta jiki da ta hankali da ta zaman tare da jama'a. A wani bincike da aka yi ƙarƙashinta aka fitar a 2018, an tambayi sababbin ɗalibai kusan 14,000 a jami'o'i 19 na ƙasashe 8, har da Afirka ta Kudu. Kimanin ɗaya cikin uku ya nuna alamun wata matsala ta hankali, kamar fargaba ko ciwon damuwa. Wani nazarin na 2016, wanda ya tattara bayanan ɗaliban likitanci daga ƙasashe fiye da 40, ya sami alamun ciwon damuwa a wurin kashi 27 cikin 100, kuma a cikinsu kashi 16 kacal ne suka nemi magani. In masu koyon likitanci ma suna ɓoyewa, ina ga sauran?

Alamun da ya kamata a lura da su su ne: baƙin ciki ko rashin sha'awar komai har fiye da mako 2, rashin barci ko yawansa, rama, guje wa mutane, yawan kuka ko fushi ba dalili, da ganin kai ba shi da amfani. In mutum ya fara maganar ya gaji da rayuwa, to, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. A garuruwanmu, da yaro ya dawo hutu ya shige ɗaki ya ƙi magana, sai a ce aljanu ne, ko sammu, ko kuwa boko ya sa masa girman kai. Addu'a tana da babban matsayi a wurinmu, kuma ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda ba ta hana mu kai mai zazzaɓin cizon sauro a yi masa allura. Ana iya farawa daga babban asibitin Kankiya, su kuma su tura mutum gaba in da bukata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta jihar Sakkwato. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba masu wannan lalura haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

Shawara ga 'yan'uwana ɗalibai

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka shirin jami'a daga nan yake farawa. Mu koyi tsara lokacinmu da kanmu tun ƙararrawa tana taimakonmu. Mu riƙa karatu kaɗan-kaɗan kullum maimakon tara shi sai daren jarrabawa. Mu shiga ƙungiyar muhawara mu saba da magana gaban jama'a, ko da za a yi mana dariya, gara a yi ta a nan cikin 'yan'uwa. Mu riƙa auna kanmu da inda muke bara, mu bar auna kanmu da ɗan wani. Faɗuwa darasi ɗaya labarin darasin ne da yadda aka shirya masa, bai zama hukunci a kan mutum ɗungurungum ba.

In mun shiga, kada mu yi wasa da barci da abinci, ko da ɗanwake ne ko garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Mu riƙa motsa jiki, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 a mako, kuma ƙwallo ko tafiya da sauri duk sun wadatar. Mu nemi ƙungiyar ɗaliban garinmu da abokan karatu na kirki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu san inda asibitin jami'a yake da ofishin ba ɗalibai shawara tun kafin mu bukace su. Wanda kuɗi ya yi wa tsaye ya binciki asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makaranta ba tare da ruwa ba, ya kuma fara da ba da naira 20,000 a wata na abinci.

Roƙo ga iyayenmu

Iyayenmu, mun san irin wahalar da kuke sha a kanmu, Allah Ya saka muku da alheri. Roƙona shi ne idan ɗanku ya bugo waya, kafin ku tambaye shi sakamako ku tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana samun barci. Ku rage kiransa Likita ko Injiniya tun bai gama ba, domin sunan yakan zame masa kaya. Kada ku gwada shi da ɗan maƙwabci. In ya faɗi wani darasi, ku nuna masa ƙofar gida a buɗe take, domin yaron da ya san za a saurare shi ba zai ɓoye ciwonsa ba. 'Ya'ya mata kuma a riƙa jan su a jiki, a gaya musu suna da daraja yadda Allah Ya halicce su.

A ƙarshe, ina kira ga yayyenmu da suke jami'a, in sun zo hutu su riƙa leƙo makarantunmu suna gaya mana gaskiyar abin da ke can, da daɗinsa da wuyarsa. Tafashiya da Kankiya da Kusada suna bukatar likitoci da malamai da injiniyoyi, amma masu lafiya, domin mai lafiya ne yake iya amfanar da kansa har ya amfanar da garinsu. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya ba mu lafiyar da za mu yi aiki da shi, amin.